Yadda Za a Adana Tsofaffin Takardun Gida a Damagaram

A gidaje da yawa na unguwannin Birni da Zango akwai adaka ko gafaka da ba a buɗe ba tun rasuwar mai ita, cike da wasiƙun fatake na ajami, da littattafan malamai rubutun hannu, da takardun gona da na gado, da shaidar biyan lanho, wato haraji, da takardun tsofaffin sojoji. Damagaram ce babban birnin Nijar har zuwa 1926, lokacin da aka mayar da mazaunin mulki Yamai, kuma mafi yawan abin da Turawan Faransa suka rubuta game da ƙasar nan yana ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa a Yamai, ko a Dakar, ko a Faransa. Abin da mutanen gari suka rubuta da hannunsu kuwa yana ɗakunanmu, kuma mu ne masu tsaronsa.

Kafin a taɓa komai, a nemi dattijon gida ko tsohuwar da ta san mai takardun, a zauna da su, a tambayi wane ne ya rubuta, wa aka aika wa, kuma a zamanin wane sarki. A rubuta amsar a takarda dabam da fensir, a haɗa ta da ƙunshin. Wannan aiki ya fi kowane gaggawa, domin takarda tana iya jiran shekara guda, amma wanda ya san labarinta ba lallai ne ya jira ba, kuma wasiƙar da aka rasa mai ita ta rage daraja ƙwarai a wurin mai bincike.

Bayan haka a wanke hannu, a bari ya bushe sarai, a shimfiɗa tsabtataccen zane a inuwa, sannan a fito da takardun yadda aka same su. Kada a sake musu jeri. Littattafan malamanmu warwara ne, ba a ɗinke suke ba, kuma abin da ke nuna bin shafi shi ne kalmar da marubuci ke sakawa a ƙasan ganye, wadda ita ce farkon ganye na gaba. Idan aka cakuɗa su, sai malami masani ya sha wahala kafin ya mayar da su. A share ƙura da buroshi mai laushi. Takardar da ta yage a bar ta a yage, a sa ta tsakanin farar takarda biyu, domin salatif da gam suna barin tabo wanda ba ya fita, haka kuma lulluɓe ta da roba a na'ura mai zafi ɓarna ce da wuya a gyara. A cire duk wani ƙarfen maƙala takarda, saboda tsatsa.

Manyan abokan gaba su ne gara, da ɓera, da yoyon damina. A ajiye takardun cikin akwatin ƙarfe da aka shimfiɗa wa zanen auduga, a ɗora shi a kan bulo nesa da bangon ƙasa, a guji ƙulle su cikin leda, wadda ke riƙe laima. A riƙa dubawa kafin ruwan farko da kuma bayan kaka.

A ɗauki hoton kowane shafi da waya, gaba da baya, cikin hasken rana marar zafi, a ajiye kwafi a wurin ƴan'uwa biyu aƙalla.

Iyalin da suka ga ba za su iya riƙon ba suna iya tuntuɓar sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami na cibiyar binciken ilimin zamantakewar ɗan Adam, wato IRSH, ta Jami'ar Abdou Moumouni a Yamai, wanda ya samo tushe daga tarin rubuce-rubucen da masanin tarihi Boubou Hama ya yi, ko malaman tarihi na Jami'ar André Salifou a nan gida. Sai dai magada su yi shawara tukuna, kuma kada takarda ta bar gida sai da yarjejeniya a rubuce mai faɗin ko kyauta ce ko ajiya, da adadin ganyayen, da waɗanda aka yarda su karanta, musamman wasiƙun da suka shafi sirrin iyali.