Saƙonnin banza a imel: inda aka fi yin kuskure

Yawancinmu idan saƙon banza ya shigo, gogewa muke yi mu wuce. To, gogewa ba ta koya wa Gmail komai, gobe irinsa zai sake faɗowa. A maimakon haka, danna "Report spam". Da wannan rahoton ne matatar Gmail mai tace saƙonnin banza ke gane irin saƙon, ta tare shi a akwatinka da na wasu.

Babban kuskuren kuwa shi ne yi wa talla da damfara magani ɗaya. Idan kantin da ka taɓa yi wa rajista ne ya dame ka da talla, maɓallin "Unsubscribe" ya wadatar. Tun 2024 Google da Yahoo suka wajabta wa masu aika saƙonni da yawa su sa hanyar fita mai dannawa ɗaya. Amma saƙon da ya ce za a rufe asusunka na banki idan ba ka sabunta BVN ba, wannan kada ka taɓa komai a cikinsa, har da mahaɗin da ya ce zai cire ka. Dannawar ce ke shaida wa ɗan damfara cewa adireshin na da rai. Mayar da martani ma haka, ko da zagi ne, kuma na san hannu kan yi ƙaiƙayi. Irin wannan "Report phishing" ake danna masa. Banki ba ya neman lambar sirrinka ta imel.

Toshe mai aikowa ba ya daɗewa yana aiki, domin suna sauya adireshi kamar riga.

Wasu kan kai ƙara shafin intanet na SpamCop, wanda ke bin sawun saƙo ya sanar da kamfanin da ya fito daga na'urorinsa. Sai dai rubutun saƙon kaɗai bai isa ba, ana buƙatar ɓoyayyun bayanan da ke saman saƙon (header), waɗanda ke nuna hanyar da ya biyo. A kwamfuta, "Show original" na Gmail zai fito maka da su, ka kwafe duka.

Ita ma matatar tana kuskure. Takardar kiran aiki ko ta makaranta kan faɗa jakar spam, kuma Gmail na goge abin da ke ciki bayan kwana 30. Ka riƙa leƙawa ko sau ɗaya a mako, wanda ka ga na kirki ne ka danna masa "Not spam".