Tsohon soja ba shi da wurin kwana a Legas, ga ta inda za ka fara

Akwai wani baba da muke sallah tare a Agege, ya yi aikin soja har Laberiya zamanin ECOMOG, rundunar kiyaye zaman lafiya ta ƙasashen Afirka ta Yamma, sai daga baya na gano a barandar masallacin yake kwana. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Soja yana bariki ɗaki kyauta ne, bayan ya ajiye kaki sai a ce ya ba da makulli, ya fito ya tarar da lanlod na neman kuɗin shekara a dunƙule ga na ejan ga na agirimen, giratuti kuma bai fito ba tukuna.

To in kana da irinsa a unguwa, fara da wurin kwana, ko ɗaki ɗaya ne a haɗa kuɗi ta hannun Sarkin Hausawa ko kwamitin masallaci a kama masa na wata shida. Mutumin da bai san inda zai kwana ba ba zai iya bin layin ofis ba. Amurka ma haka suka yi, shirinsu na HUD-VASH gida ake fara ba tsohon soja sannan a haɗa shi da ma'aikacin da zai bi masa maganar asibiti, kuma daga 2010 zuwa yanzu marasa gida a cikin tsofaffin sojojinsu sun ragu da fiye da rabi.

Sai takardu, nan ne aikin yake. Takardar sallama, lambarsa ta soja, NIN, BVN da asusun banki mai aiki, kuma dan Allah ka duba sunan ya zo iri ɗaya a ko'ina, don Muhammadu a nan Mohammed a can kaɗai ya isa ya maƙale fansho wata da watanni. Ka yi hotokwafi, ka ɗauki hotonsu a waya, na asalin a saka a leda saboda ruwan Legas ba ya sallama. Fanshon soja yana hannun Hukumar Fanshon Sojoji da ke Abuja, in an daina biyansa ka fara tambaya ko tantancewa ce ta wuce shi. Kada ka ba kowa kuɗi wai zai fito masa da fayil.

Ka kai shi ofishin Legion, ƙungiyar tsofaffin sojoji, ya yi rajista, su suka san wa ake gani kuma suna samar wa wasu aikin gadi. Maganar magani kuma akwai inshorar DHML ta sojoji har da masu ritaya. In an taɓa cire masa kuɗin NHF, wato asusun gidaje na ƙasa, a albashi, ya bi bankin bayar da lamunin gidaje na tarayya ya nemi a mayar masa da abin da ya tara.

Sojan kuma da bai yi ritaya ba tukuna, yallaɓai kar ka yi wasa da kwas ɗin cibiyar NAFRC da ke Oshodi inda ake koya wa masu shirin ritaya sana'a, kuma ka kama haya tun kana bariki.

Ka raka shi da ƙafarka. Da yawansu kunya ce ke hana su tambaya, ce masa "Baba, gobe da safe zan zo mu je tare", kuɗin danfo kuma ka biya tun kafin ya sa hannu a aljihu.