Yadda Ake Koyar da Darajar Gurbin Lamba da Layin Lambobi

Malamin aji biyu na firamare, ko a Tudun Wada yake ko a Samaru, ya san yaron da za a ce ya rubuta 21 sai ya rubuta 12, domin a idonsa ɗaya da biyu ne kawai. Maganin wannan yana farawa ne daga filin makaranta, kafin a zo kan allo.

A ja dogon layi a ƙasa da sanda, a rubuta sifiri a farkonsa, sannan a ajiye dutse a kan 10, 20, 30 har zuwa 100, tazarar kowanne daidai da ta ɗan'uwansa. Tsakanin duwatsu biyu a yi gajerun zane guda tara. A faɗa wa yara cewa tsalle daga dutse zuwa dutse goma ne, taku kuwa ɗaya ne. Idan aka kira 21, yaro zai yi tsalle biyu da taku ɗaya, wanda aka ba 12 kuma ya yi tsalle ɗaya da taku biyu, sai ajin ya ga ratar da ke tsakaninsu da idonsa. A nan ya kamata malami ya dakata, ya tambaye su dalilin da ya sa biyun 21 ta fi biyun 12 nisa.

Harshenmu ma yana taimakawa, domin wanda ya ce "ashirin ba ɗaya" ya riga ya ja da baya taku ɗaya daga 20. Sai dai a riƙa faɗin "goma sha biyu" cikakke, saboda "sha biyu" yana ɓoye goman.

Kada a shiga ɗaruruwa sai yaro ya iya bayyana abin da sifirin 30 yake riƙe wa gurbi.