Kurakuran da gidajen rediyo ke yi a shirye-shiryen Sallah tun da kwamfuta ta karɓi aiki

Kwamfuta ba ta ganin wata, kuma daga nan babban kuskuren Ƙaramar Sallah yake farawa. Ma'aikaci zai jera shirye-shirye tun ana saura mako guda, ya ɗaura su a kan ranar da kalanda ta nuna, ya tafi ƙauyensu. Alhali azumi 29 ne ko 30, sai daren da Fadar Sarkin Musulmi ta yi sanarwa ake sani. Shi ya sa za ka ji ana "barka da Sallah" jama'a na bakin sahur, ko a sa tafsirin azumi mutane na hanyar Idi. Maganinsa a tanadi jeri biyu, ɗaya na azumi ɗaya na Sallah, a bar mutum a situdiyo daren 29 ya saki wanda ya dace. Babbar Sallah da sauƙi, tunda ana sanin ranarta tun farkon Zulhijja.

Sai kalmomin lokaci. Shirin da aka naɗa ranar Talata, mai gabatarwa yana cewa "yau" da "gobe", ga shi za a maimaita shi har kwana uku. A ambaci sunan ranar kawai. Tallan buɗa-baki kuma a sa masa ranar ƙarewa tun lokacin da ake loda shi.

Wanda ya fi damuna shi ne rufe layin waya. Tun 1962 da aka kafa gidan rediyon Arewa a Kaduna, mutanenmu suka saba aika gaisuwa ta rediyo, kuma ranar Sallah suka fi buƙatarta: ɗan da aiki ya riƙe a Kakuri yana son mahaifiyarsa a Birnin Gwari ta ji sunanta. Ko awa biyu ce bayan an sauko daga Idi, a buɗe layi. Hawan Daushe a Zariya ma, a tura wakili, kar a maimaita rahoton bara.

Kirsimeti ranarta ba ta canzawa, amma kuskuren shi ne cika yinin da waƙoƙin Turai, a manta da mawaƙan coci masu rerawa da Hausa, da bikin Afan na Kagoro ranar 1 ga Janairu.

A kuma gwada janareta kafin hutu. Idan wuta ta ɗauke kwamfuta ta mutu, sai da mai tayar da ita, don haka a rubuta sunan mai aikin kowane dare a manna a ƙofar situdiyo.