Yadda ake ɗaukar motar haɗin gida da ba a gama ba

A Ingila da Amurka ana sayen mota sassa-sassa, irin ta kamfanin Caterham, a haɗa ta a gareji. Idan ƙaura ta kama kafin aiki ya ƙare, kada ka ja ta da igiya a titi: ba birki, ba lamba. Nemi tirela mai shimfiɗaɗɗen bene da na'urar jawo mota da wayar ƙarfe.

Fara da ƙara ɗaure notocin taya da na sitiyari, domin yawanci da hannu aka murza su lokacin gwaji. Cire baturi. Gilashi, murfin inji da duk ɓangaren bodi da aka ɗora kawai, a sauke su a naɗe da bargo. Bodin roba ba nauyi, iska na iya fizge shi.

Motar ƙasa-ƙasa take, sai ka tsawaita matakala da katako don kada hancinta ya kankari ƙarfe. Ƙugiyar waya a shasi ake maƙala ta.

Rabon nauyi ne ke kayar da mutane. Wajen kashi 60 cikin 100 ya zauna gaban tayoyin tirela. In ba a sa inji ba gaba ya yi sakayau, tirela ta riƙa lilo, don haka matsar da motar gaba ko ka ɗaure injin can a kan katako.

Ɗaure motar a tirela da bel huɗu, kowace taya ɗaya. Kada ka rufe ta da tamfol, kaɗawarsa na goge fenti. Bayan 'yan kilomita tsaya ka sake matse bel ɗin.