Yadda za ka karɓi hutun shekararka a wurin aiki ba a cinye maka shi ba

Na yi shekaru ina riƙe da littafin sa hannun ma'aikata a wani injin shinkafa nan wajen Kura, kuma wallahi yaran da na ga sun yi asarar hutunsu sun fi a ƙirga, ba wai kullum oga ne ya danne ba, da yawa su ne suka zubar da abin da hannunsu. To ga yadda ake yi.

Da farko ka san abin da kake bi bashi. Dokar ƙwadago ta Najeriya, sashe na 18, ta ce wanda ya yi wata 12 cur yana aiki yana da hutun aƙalla kwana 6 na aiki, kuma da albashinsa cikakke. In yaro ne bai kai shekara 16 ba, ko da koyon sana'a yake, nasa kwana 12 ne. Eh na sani, kwana 6 ba wani abin kirki ba ne, ka ji manyan ma'aikatan gwamnati na tafiya hutun kwana 30 sai ka ɗauka kai ma haka ne, a'a, su da tsarinsu daban. Wannan dokar ta leburori ce da ƙananan akawu, mai ɗaukar buhu, mai kula da inji, mai zuba mai a gidan mai, mai aikin gonar kaji. Manaja da ƙwararru abin da aka rubuta a takardarsu shi ke binsu.

Sai takardar ɗaukar aiki. Sashe na 7 ya wajabta a ba ka ita kafin ka wuce wata 3 da farawa, da albashi da lokacin aiki da hutu duk a ciki. Yawancin wuraren nan namu ba sa bayarwa, sai dai "ka zo gobe ka fara". In ka nema an hana ka, ka samu ɗan littafi ka rubuta ranar da ka fara, kuma ka roƙa a dinga turo albashinka ta banki ko da ta POS ne, alat ɗin nan kar ka goge shi, shi ne shaidarka.

To yanzu ga inda ake faɗuwa, damina. Wata 12 ɗin nan a jere ake nufi. Yaro zai fara aiki bayan an gama girbi, ya yi wata 7 ko 8 lafiya lau, ruwa na sauka sai baba ya aiko a zo a yi shuka, ya samu oga a bakin sikeli ana ta hayaniyar awo ya ce "Oga zan je gida noma", oga ya ɗaga hannu ya ce Allah ya kiyaye hanya, shi ke nan ya hau mashin. Ya yi sati 5 ya dawo. Ni da ke riƙe da littafi abin da ake ce min in rubuta shi ne ya bar aiki, ranar da ya dawo kuma sabon ɗauka ne, lissafi ya koma farko. Akwai wani yaro ɗan wajen Ringim da ya yi shekara 4 a haka bai taɓa cika wata 12 a takarda ba, ranar da ya zo neman hutu zai yi aure manaja ya buɗe masa littafin ya nuna masa sunansa an rubuta shi sabo har sau 4, ya tsaya yana juya hularsa a hannu ya ce "Ai Oga da izininka nake tafiya", manaja ya ce ina shaida? Ni ma da na rubuta sai da na ji kunya.

Don haka in za ka tafi noma, ka rubuta. Layi 3 ya isa, ni wane ina neman izinin tafiya daga ranar kaza zuwa ranar kaza ba tare da albashi ba, zan dawo bakin aikina. Kalmar "zan dawo bakin aikina" ɗin nan kar ka bar ta. A sa maka hannu, ka yi fotokwafi, in babu wuta ka ɗauki hotonta a waya. In ba ka iya boko ba ka rubuta da Hausa ko ka sa wani ya rubuta maka, ba abin kunya ba ne. Ni a ganina ma gara ka haɗa kuɗi ka sa 'yan ƙwadago su yi maka noman fari da ka bar aikin sati 5, amma wannan kowa ya san aljihunsa.

In wata 12 sun cika, ka nemi hutun da wuri, wata guda kafin lokaci, kuma kar ka nema lokacin da shanshera ke shigowa, ba mai sauraronka. Ana iya ɗage hutun in kun yarda ku biyu, amma doka ba ta yarda ka wuce wata 24 kana aiki a jere babu hutu ba. Sannan in oga ya ce bari in ba ka kuɗi ka haƙura da hutun, doka ta hana wannan matuƙar kana kan aikin. Kuɗi a madadin hutu sai in aikin ya ƙare, kuma ko wata 6 kawai ka yi ka bari kana da ɗan kasonka, rabin albashin sati guda kenan. Da tsurar albashi ake lissafin, ban da obataim da alawus.

Kar ka yarda a cire maka ranakun Sallah a cikin kwana 6 ɗinka, hutun gwamnati daban yake. Ƙaramar Sallah, Babbar Sallah, Mauludi, 1 ga Janairu, Ista, 1 ga Mayu ranar ma'aikata, 12 ga Yuni ranar dimokuraɗiyya wadda Buhari ya maido daga 29 ga Mayu, 1 ga Oktoba, da Kirsimeti. Ministan cikin gida ke sanarwa. Gwamna ma yana da ikon ba da nasa, shi ya sa Kano da Jigawa kan ba da hutun 1 ga Muharram, Kano kuma kan ƙara da Takutaha. Sai dai fa maganar nan da ake yawo da ita wai in ka yi aiki ranar Sallah dole a biya ka ninki 2, dokar ba ta yanka wani kuɗi ba, ku yi ciniki kafin ranar, kar sai an sauko daga idi ka zo kana ɓata rai.

Rashin lafiya kwana 12 ne a shekara da albashi, amma sai da takardar likita mai rajista, ta mai kemis ba ta yi, kuma in oga ya ce likitansa ya duba ka, ka yarda. Mata masu ciki sati 6 kafin haihuwa da sati 6 bayan haihuwa, da aƙalla rabin albashi in ta yi wata 6 a wurin, in ta dawo kuma tana da rabin awa sau 2 a rana na shayarwa. Maigida kuwa wannan dokar ba ta ba shi ko ranar suna ba, ma'aikatan tarayya ne aka ba kwana 14 a 2021.

In an hana ka, kar ka yi zuciya ka daina zuwa, nan take ka ba su hujja. Fara da dattijon da oga ke jin kunyarsa, in ta ƙi ka kwashi takardunka ka je ofishin ma'aikatar ƙwadago ta tarayya a Kano ko Dutse. Kotun ma'aikata ma tana nan a Kano, amma ka fara lissafa kuɗin mota da na lauya tukuna, kar su fi albashin kwana 6 ɗin.