Babban jirgi a gajeriyar hanya: kurakuran da matafiyanmu suke ta maimaitawa

Kusan duk wanda zai yi doguwar tafiya daga Katsina ko Daura, ta Umra ce ko ta sarin kaya ko ta jinya, sai ya haɗa da wani gajeren zango na cikin gida, ko dai a nan Najeriya ko a ƙasar da ya nufa. A irin wannan zango ne wani lokaci mutum yakan tarar an kawo masa jirgin da aka tsara domin tsallaka teku, mai hanyoyin wucewa biyu a ciki, da talabijin a bayan kowace kujera, da kujerun gaba masu miƙewa su zama gado. Na gaji da ganin yadda wannan abu yake ruɗar mutanenmu, domin tambayoyin da ake kawo mini a kansa ba sa canzawa, haka ma asarar da ake tafkawa.

Kamfani ba ya saka irin wannan jirgi a gajeriyar hanya don ya karrama fasinja. Boeing 777 ko 787 ko Airbus A330 idan ya sauka da asuba daga doguwar tafiya, kuma ba zai sake fita waje ba sai dare, zamansa a ƙasa asara ce, tunda kuɗin haya da na inshora ba sa tsayawa don jirgi ya tsaya. Sai a tura shi ya yi sawu ɗaya ko biyu a cikin gida. Wani lokaci ana so ne a kai shi birnin da zai ɗebi fasinjojin waje, sai a sayar da kujerun maimakon ya tafi wayam. Wani lokaci sabon jirgi ne, ana so matuƙa su saba da tashi da sauka da shi, wani lokaci kuma cunkoson lokutan bukukuwa ne ya fi ƙarfin ƙananan jirage. Shi ya sa ake ganin manyan jiragen Saudia tsakanin Jidda da Riyad, da na Turkish Airlines tsakanin Istanbul da Ankara, da na kamfanonin Amurka tsakanin New York da Los Angeles, kuma a nan gida ma akan ga haka jefi-jefi tsakanin Legas da Abuja. Duka waɗannan dalilai na kamfani ne, kuma kowannensu yana iya gushewa cikin dare ɗaya.

Kuskuren da ya fi cin kuɗi shi ne zaton cewa girman jirgi ne yake yanke nauyin kayan da za a ɗaukar wa mutum. Tikiti ne yake yanke wannan, ba jirgi ba. Matafiyin da ya saba da akwati biyu masu kilo 23 kowanne a tikitinsa na ƙasa da ƙasa, idan ya yanki wani tikitin daban na cikin gida, dokar cikin gida ce za ta hau kansa ko da jirgin zai iya haɗiye kayan kasuwa guda. Na ɗanɗana wannan a ƙasar Sin, lokacin da na yanki tikitin Shanghai zuwa Gwanzu daban saboda na ga ya fi araha kuma na ga babban jirgi ne. Na iso wurin awo da akwatuna biyu da jakar bakko cike da samfurin kaya, ma'aikaciyar ta ɗora su ɗaya bayan ɗaya, ta juyo mini da allon na'urarta, ta nuna mini 20 da yatsa, domin kilo 20 ne ƙa'idar ƙaramin aji a yawancin jiragen cikin gida na ƙasar. Ragowar aka lissafa mini kilo-kilo, kuma abin da na biya ya cinye rangwamen da na yi murnar samu har ya taɓa jarin da na zo da shi. Babu wanda ya zalunce ni, domin adadin yana rubuce a takardar da ke hannuna.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne har yanzu ina ganin manyan mutane, waɗanda ba za su sayi buhun gero ba sai sun zura hannu sun duba, suna karɓar tikiti daga hannun ejan su ninke shi su saka a aljihu ba tare da sun karanta layi ɗaya ba. Sai an je gaban ma'auni a fara rantse-rantse, ana cewa ai jirgin babba ne, ai akwai wuri. Ma'aikacin awo ba shi da ikon duba wuri, abin da na'ura ta nuna masa shi zai bi. A kowane tikiti akwai gurbin kaya a gaban kowane zango: 2PC yana nufin akwati biyu, 1PC akwati ɗaya, 20K kuma kilo 20 jimla. Al'adata yanzu ita ce ba na yarda a raba mini tafiya gida biyu. Ina sa a haɗa zangon cikin gida da na waje a tikiti ɗaya mai lamba ɗaya, ko da ya ɗan fi tsada, domin a mafi yawan lokuta hakan yana sa ƙa'idar kayan doguwar tafiya ta rufe gajeren zangon, kuma idan jirgin farko ya makara, nauyin nema mini wani yana kan kamfani. Akwai masu ganin wannan ɓarnar kuɗi ce, musamman masu tafiya da jakar hannu kaɗai, kuma ba na musu da su, amma ɗan kasuwa da mai dawowa da tsarabar Umra ba sa cikin wannan sahu.

Kuskure na biyu ya fi ciwo, domin ba aljihu kaɗai yake taɓawa ba. Shi ne mutum ya biya kuɗin babban aji a gajeriyar hanya saboda ya ga hoton kujera mai zama gado. Yarjejeniyar da ke tsakanin fasinja da kamfani ita ce a kai shi daga wuri zuwa wuri a ajin da ya biya, kuma sharuɗɗan kamfanoni suna faɗa ƙarara cewa suna iya canza jirgi ba tare da sanarwa ba. Tunda babban jirgin aro ne aka yi daga hanyar waje, da zarar wani ya lalace a can, ko nasa sawun ya makara, shi za a fara janyewa a kawo Boeing 737 ko Airbus A320. Na yi wa kawuna irin wannan tanadi a ƙasar da ya je jinyar baya, na tabbatar masa cewa a kwance zai yi zangon ƙarshe. Da muka shiga, sai ga jirgi mai hanya ɗaya, kujerar gaba tana ɗan kwantawa kaɗan ta tsaya. Ya daɗe yana lalube a gefen kujerar yana neman maɓalli, sannan ya dube ni ya ce, “Ɗana, ina gadon da ka ce?” Ban sami ko kwabo ba daga baya, domin a takarda an ba shi ajin da aka biya.

Wanda ya je tasha zai tafi Daura ya tarar sabuwar mota mai sanyi ce a kan layi, sa'a ya yi, kuma ba zai kama rigar ɗan kamasho gobe ba idan tsohuwa ce ta zo. Haka nake ɗaukar babban jirgi a hanyar cikin gida. Kafin in ƙara ko sisi saboda shi, ina duba lambar sawun a manhajar Flightradar24 in ga irin jirgin da ya yi wannan tafiya a kwanakin baya. Idan kullum shi ne, to akwai ƙwarin gwiwa. Idan yau 77W ne, gobe 738, jibi 333, to caca ce, domin na farko Boeing 777-300ER ne, na biyu 737-800, na uku Airbus A330-300. Ina sake dubawa daren tafiya, kuma ga marar lafiya ba na yin alƙawarin da ba ni ne mai cika shi ba. Idan kuwa canjin ya sa an mayar da mutum ƙaramin aji, wannan magana ce daban: ya riƙe katin shiga jirginsa da rasit, ya nemi cikon kuɗinsa a rubuce, in a Najeriya ne kuma aka yi masa shiru, ya kai ƙara sashen kare haƙƙin fasinja na NCAA, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta ƙasa.

Mu Katsinawa ya kamata mu fi kowa sanin cewa girma daban, jin daɗi daban. Yawancinmu a jigilar alhazai muka fara ganin Boeing 747 a filin jirgin Umaru Musa 'Yar'aduwa, kuma kamfanin Max Air na Alhaji Ɗahiru Barau Mangal da wannan aiki ya yi suna kafin ya shiga zirga-zirgar cikin gida da ƙananan 737 a 2018. Jirgin jigila ana tsara shi ne don ya ɗebi jama'a da yawa. An ma ƙera samfurin 747-400D musamman domin hanyoyin cikin gida na Japan, da kujeru sama da 500. Ko a jirgin da aka tsara domin ƙasa da ƙasa, ƙaramin ajin 777 yawanci kujeru goma ne a jere, uku da huɗu da uku, 787 tara ne, A330 kuma takwas, biyu da huɗu da biyu. Wanda bai zaɓi kujera da wuri ba yana iya ƙarewa a tsakiyar huɗun nan, ba taga ba hanya, alhali a 737 mutum ɗaya ne kawai zai raba shi da ɗayansu. Mai tafiya da iyalinsa ya nemi kujeru biyun gefe na A330.

Sauran kurakuran ba sa buƙatar dogon bayani. Kada a shiga da yunwa ana jiran shinkafa da kaza, domin abincin tafiyar awa ɗaya za a bayar, ruwa da ɗan abin taɓawa. Kada a yi lissafin lokaci irin na ƙaramin jirgi, domin shigar mutum 300 da fitarsu da jiran akwatunansu yana cin lokaci, kuma wanda ya bar tazarar awa ɗaya tsakaninsa da jirgin Katsina, ko ya ce direba ya jira shi a Kano su kamo hanya kafin magariba, zai sha mamaki. A duba inda jirgin da kansa yake fitowa, domin in daga waje yake zuwa, makararsa ta can za ta biyo shi.

A kuma karanta sunan tashar da aka rubuta a tikiti. Idan zangon cikin gida wani yanki ne na sawun da zai wuce ƙasar waje, yana iya tashi daga ɓangaren ƙasa da ƙasa, inda ake rufe awo da wuri kuma ana iya neman fasfo. A Legas ɓangaren ƙasa da ƙasa yana wuri daban da tashoshin cikin gida, wato MMA2 da tsohuwar tashar GAT, sai an shiga mota an bi titi kafin a je daga wannan zuwa wancan, kuma cunkoson Ikeja na safe ya isa ya sa a rufe ƙofa mutum yana cikin tasi da akwatunansa.